Tsohon Yashin Kuza Mai Tiriri: A Rufe Shi Inda Yake, a Kwashe Shi, ko a Sayar?

A kudancin jihar Kano, wajen Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa, an daɗe ana haƙar kuza, tun zamanin Turawa. Duwatsun yankin dangin na Jos ne, kuma irin wannan dutse ba kuza kaɗai yake bayarwa ba. Tare da ita ake samun kolumbayit da zirkon da monazayit, waɗanda ke ɗauke da toriyom da yuraniyom, sinadarai masu fitar da tiriri, a jikinsu. Mai wanki kuzarsa yake nema, sauran yashin mai nauyi kuwa sai ya tura shi gefe. Da farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, kamfanoni da yawa a ƙasar nan suka naɗe tabarmarsu, suka bar tsibin yashin nan ga rana da ruwa. Masu haƙar hannu na yau kuma suna ƙara nasu a kai.

Irin wannan ragowa ita ake lissafawa cikin tsohuwar shara mai ƙaramin tiriri, wato radiyeshin. Ba ta ƙuna, ba ta wari, ba ta kayar da mutum nan take. Illarta ta daɗewar zama da ita ce. Wanda yake kwana yana tashi a kanta shekara da shekaru, haɗarin cutar daji yana ƙaruwa a gare shi, musamman ta huhu. Kuma ba abu ba ne da za a zauna jiran ya huce. Toriyom-232 sai ya shekara biliyan 14 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, yuraniyom-238 biliyan 4.5, radiyom-226 kuwa shekara 1,600.

Duk garin da ke da irin wannan tsibi, dagaci da masu unguwanni da kwamitin gari da jami'an muhalli na ƙaramar hukuma hanya uku ce a gabansu: a tattara yashin a rufe shi inda yake, ko a kwashe shi a kai wani rami da aka gina dominsa, ko a sayar wa masu tace ma'adinai. Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta. Da yashin zai zauna wuri ɗaya, da maganarsu ta ɗan yi ma'ana. To ba ya zama. Yashi ne wankakke, marar laka, irin wanda magina ke so, kuma kyauta yake. Tifa na ɗiba, mai baro na ɗiba, ana buga bulo da shi, ana cikon ɗaki, ana shafen bango. An ga ƙarshen irin wannan a garin Grand Junction na Amurka, inda aka riƙa ɗibar ragowar tatar yuraniyom ana gini da ita a shekarun 1950 da 1960, daga baya gwamnati ta bi dubban gidaje da makarantu tana fasa daɓe tana kwashewa.

Awo ne ke raba gardama

Ba kowane tsibi ne mai zafi ba, kuma ido ba ya bambancewa. Wani tsibin bai fi ƙasar gona tiriri ba, wani kuma kusa da shi ya ninka ta sau gomomi. Don haka duk shawarar da aka yanke kafin awo, kame-kame ce.

Ana fara aikin da na'urar hannu mai auna tiririn gama, wato nau'in tiriri mai ratsa jiki, wadda ke nuna maikrosibat, ma'aunin tiririn da jiki ke samu, a kowace awa. A fara zuwa gona mai tsabta, nesa da wurin haƙa amma a kan irin ƙasar yankin, a auna ma'aunin asali. A yawancin wurare a duniya yakan faɗo tsakanin 0.05 da 0.2, ƙasa mai duwatsu kuma takan ɗan ɗara. Daga nan a yanka filin da igiya da turaku, mita 10 tsakanin turke da turke, a riƙe na'urar tsayin mita 1 daga ƙasa, a rubuta abin da ta nuna a kan taswira. Inda ta ɗaga, a matse tazarar zuwa mita 2. Sannan a haƙa ramukan gwaji don a san zurfin yashin, domin sau da yawa ƙura da ciyawa sun lulluɓe sama, mai zafin yana ƙasa.

Lissafin da kwamiti ke buƙata ba mai wuya ba ne. Milisibat 1 daidai yake da maikrosibat 1,000. Mutum a duniya yana samun kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama. Ƙa'idar duniya ita ce kada aikin ɗan'adam ya ƙara wa jama'a fiye da milisibat 1 a kan wannan. Shekara awa 8,760 ce. Ɗakin da ya ɗara asali da maikrosibat 0.5 a awa, in mace mai jego ko tsoho yana yin awa 6,000 a cikinsa a shekara, ya kwashi milisibat 3 ke nan. Fili a dawa da ya ɗara da maikrosibat 2, wanda makiyayi ke ratsawa awa 100 a shekara, milisibat 0.2 kawai ya ba shi. Ɗakin da na'ura ta nuna kaɗan ya fi filin da ta nuna da yawa gaggawa, kuma nan ne aka fi yin kuskure, a ruga wajen babban tsibi a manta da cikin gari.

Samfurin yashi kuma a kai ɗakin gwaji. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana irin wannan awo. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta sa bekarel 1 (ma'aunin ƙarfin tiririn da ke cikin abu) a kowane giram a matsayin iyakar da toriyom ko yuraniyom ke shiga ƙarƙashin kulawar hukuma. Amma kada a ɗauka duk abin da bai kai haka ba ya halatta a gina ɗaki da shi. A ma'aunin kayan gini na Tarayyar Turai, toriyom bekarel 0.2 a giram kaɗai ya cika mudu. A saka ƴan na'urorin awon radon, iska mai tiriri da radiyom ke fitarwa, a ɗakunan kwana na tsawon wata 3, har da hunturu lokacin da ake toshe tagogi; Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ta wuce bekarel 100 a kowace kubik mita ta iska, in ya yi tsanani kada ta haura 300. Ruwan rijiya a duba yuraniyom, iyakarsa maikrogiram 30 a lita. Kuma lallai a roƙi ɗakin gwaji ya duba dalma da kadmiyom, domin jijiyar kuzar Riruwai tana tare da ma'adinan tutiya da dalma, waɗanda kan yi tsami in sun haɗu da ruwa da iska. Wani lokaci dalmar ce za ta riga tiririn cutar da yara.

Duk wannan sai da sanin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001. Ita ke ba da izinin taɓa irin wannan shara da ɗaukarta da ajiye ta.

Rufewa a inda yake

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da yashi mai yawa, mai ƙaramin ƙarfi, wanda ke kan tudu nesa da gidaje. Dalilinta a fili yake: ƙasa garkuwa ce. Rabin mita na ƙasa da aka daddaɓe yana tare fiye da kashi 90 cikin 100 na tiririn gama. Iskar toron da toriyom ke fitarwa rabinta na mutuwa cikin daƙiƙa 56, ba ta ƙetare ko taƙi ɗaya na ƙasa. Radon ta radiyom ce mai naci, kwana 3.8 take yi kafin ta ragu da rabi, tana iya ratsa mita 1 ko 2 na busasshen yashi, amma yumɓu mai danshi yana riƙe ta.

Aikin yana farawa da tattarawa. Yashin da ya bazu a hekta 5 a turo shi da katafila ya koma hekta 1, domin kuɗin murfi a kan faɗi yake, ba a kan tsayi ba. A gyara tsibin ya zama kai yana da ɗan gangare, kashi 3 zuwa 5 cikin 100, don kada ruwa ya kwanta, gefuna kuma kada su fi tsayin mita 1 a kowace tafiyar mita 4. Sai shimfiɗa ta farko, yumɓu santimita 60. Ba a zuba shi gaba ɗaya. Hawa huɗu ake yi, santimita 15 kowanne, a yayyafa ruwa, rola ta bi ta kai, a karce saman kafin a ɗora na gaba don su kama juna, kamar dai yadda mata ke daɓen ɗaki, a jiƙa a buga, a jiƙa a buga. Gwajin danshi a fili shi ne a dunƙula a hannu: ya dunƙulu bai manne wa tafi ba, a murza shi ya yi siririn zare bai kakkarye ba. Injiniya kuma ya tabbatar da awon daɓen a kowane hawa.

A kan yumɓun a zuba fasasshen dutse santimita 30, girman dunƙulen hannu, sannan ƙasar noma santimita 60, a dasa ciyawa. Jimla mita ɗaya da rabi. A hekta 1, kubik mita 15,000 ke nan, wato lodin tifa 1,500 in tifar mai cin kubik mita 10 ce. A zagaye gindin tsibin da magudanar dutse, a tare ruwan da ke gangarowa daga tudu a karkatar da shi tun bai iso ba.

Abin da ke lalata irin wannan murfi a ƙasarmu ya bambanta da abin da littattafan ƙasashen sanyi ke tsoro, kuma a nan ya kamata kwamiti ya tsaya ya duba da kyau.

Na farko rani. Wata 6 ko 7 ba ɗigon ruwa, ga iskar hunturu, ga zafin bazara. Yumɓun da aka bari a buɗe kwana biyu ko uku yana tsagewa, tsagar kuma ba ta komawa yadda take ko an sake jiƙawa. Shi ya sa duk yankin da aka gama daɓewa a rufe shi da dutse da ƙasa ran nan, ko a lulluɓe da tamfol. Baƙar lakar fadama, wadda mutane ke zaton ta fi kyau saboda danƙonta, ita ta fi kowace tsagewa, domin tana kumbura da damina ta motse da rani. Jar ƙasa mai yumɓu, irin ta kududdufin gini, ta fi ta zama lafiya.

Na biyu gara. Gara na iya zurfafa mita da yawa tana neman danshi, ta fito da ƙasar ƙasa ta gina suri da ita. Shimfiɗar dutse tana hana gafiya da ɓera, amma ba ta gama da gara ba. Duk surin da ya tashi a kan murfi a ɗora masa na'ura. Haka saiwar itace: darbejiya ko ƙirya ɗaya ta isa ta huda yumɓun, in kuma iska ta tumɓuke ta, ta bar rami. Ciyawa mai shimfiɗa irin kiri-kiri ta dace da kai. Jema, da saiwarta ke nitsewa, a bar ta a gindi da bakin magudana inda za ta riƙe ƙasa ba tare da ta taɓa yumɓun ba.

Na uku zaizaya. Kudancin Kano ya fi arewacinta ruwa, kuma ruwan Agusta a kan gangare ba ya wasa. Ƴar hanyar da awaki suka bi sau ɗari ita ke zama kwazazzabo. Ruwan tsaunukan nan kuwa shi ke gangarawa Kogin Kano ya shiga dam ɗin Tiga, don haka yashin da ya zube cikin rafi ba matsalar ƙauye ɗaya ba ce.

Na huɗu, wanda ya fi duka, mutum. Murfin da aka yi da jar ƙasa da fasasshen dutse kayan gini ne a idon wanda bai san abin da ke ƙasa ba. Bayan shekara 20, in waɗanda suka ga aikin sun kau, wani zai ga tudu mai kyau marar ambaliya ya yanka fuloti. Dokar Amurka ta 1978 kan ragowar yuraniyom ta kai ga ƙa'idar cewa murfi ya jure shekara 1,000 in zai yiwu, kada dai ya gaza 200. Ba mu kawo wannan don a kwaikwayi adadin ba, sai don a ga cewa mai rufewa a wurin ya ɗauki alkawarin tsaro wanda ya wuce rayuwarsa.

Kwashewa zuwa ramin ajiya

Amfaninta babba ne: wurin ya tsarkaka, a koma noma ko gini, kuma sharar wurare goma ta koma wuri ɗaya da za a iya tsarewa. Inda yashin ke cikin gida, ko harabar makaranta, ko bakin rafi, ko fadamar da ruwa ke shanyewa, babu ma wata hanyar sai ita.

Sai dai a san nauyinta. Tsibi mai faɗin hekta 1 da zurfin mita 3 kubik mita 30,000 ne, in an tono shi kuma yana ƙara auki, lodin tifa ya haura 3,000. Bayan haka sabon wurin ma sai an yi masa murfin nan na mita ɗaya da rabi, ga kuma shimfiɗar ƙasa. Wato kwashewa ba ta maye gurbin rufewa, ƙari ce a kanta. Manyan ƙasashe ma sun ji a jikinsu. A Moab ta Amurka, tan miliyan 16 ne a bakin Kogin Kolorado. An fara jigilarsa da jirgin ƙasa a 2009 zuwa wani wuri mai nisan kusan kilomita 50, aka shafe fiye da shekara 15 ana abu ɗaya. A Port Hope ta Kanada, inda aka tace radiyom tun shekarun 1930 sharar ta bazu cikin gari, gwamnati ta ware dalar Kanada biliyan 1.28 a 2012 domin ita da maƙwabciyarta Port Granby, a Port Hope kaɗai aka tsara tara kimanin kubik mita miliyan 1.2 a tudu guda da aka gina.

Zaɓen wuri shi ne rabin aikin. A nemi tudu mai ƙasa mai yumɓu, ba a kan burtali ba, ba a sama da rijiyar gari ba. Shawararmu ita ce a bar aƙalla mita 500 tsakaninsa da kowace rijiya ko burtsatse, gindin ramin kuma ya kasance mita 3 ko fiye sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa. Wannan a watan Satumba ake aunawa, ba a Afrilu ba. Ramin da aka gwada da bazara aka ce busasshe ne yana iya zama tafki da kaka. Ƙasar jigawa mai rairayi ba ta riƙe ruwa, kwarin Haɗeja kuwa ambaliyar 2022 ta isa shaida, don haka irin waɗannan wurare a fitar da su daga lissafi. Tsofaffin ramukan haƙa suna jan hankali domin an riga an tona su, amma wanda ya tara ruwa har shanu na sha ana noman rani da shi, kada a zuba masa komai.

Gindin rami da gefunansa a yi musu yumɓu santimita 60 daɓaɓɓe. Wasu na ƙara baƙar leda mai kauri, milimita 1.5 zuwa 2, wadda ake haɗa bakinta da injin zafi. Ledar tana da amfani a shekarun farko, amma kada a jingina da ita, tunda toriyom zai daɗe bayan ta ruɓe. Babban kuskure shi ne gindi ya fi murfi riƙe ruwa: ruwa ya shiga ta sama ya rasa mafita, ramin ya cika ya tumbatsa ta gefe. Don haka a shimfiɗa tsakuwa a gindi mai gangara zuwa rijiyar dubawa guda, a kuma tona ƙananan burtsatse uku, ɗaya a sama da ramin biyu a ƙasa, don ɗibar ruwan gwaji sau biyu a shekara.

Haɗarin wannan hanya a lokacin aiki yake. Yashin da ke kwance ba ya shiga huhu, wanda shebur ya tayar shi ke shiga, kuma toriyom a cikin huhu ya fi toriyom a ƙarƙashin ƙafa illa nesa ba kusa ba. Tankar ruwa ta riga katafila isa wurin. Ranar da iskar hunturu ta taso a dakata. Tifa kada a cika ta ta yi tozo, a ɗaure tamfol, a wanke tayoyi kafin ta hau hanya, kada ta ratsa kasuwa. Leburori su sa takunkumi mai tace ƙura, ba ƙyalle ba, kowa da ɗan ma'aunin tiriri a ƙirji. Iyakar ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara, aiki mai tsari kuwa bai kamata ya kusanci haka ba. Ba cin abinci, ba goro, ba sigari a filin aiki. Ruwan sha da na alwala a tanki dabam, nesa da ƙura. Kayan aiki a wurin ake tuɓe su a wanke, kada a kai wa matar gida wanki. Yara da mata masu ciki ba su da aiki a wurin, ko da ɗaukar kwanon-sarki ne.

Aikin cikin gida yana da nasa tsari, kuma Arewa ta taɓa yin makamancinsa. Bayan gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara aƙalla 400, an bi gida-gida ana kwashe saman ƙasa ana binnewa a ramuka, ana zuba sabuwa. Aikin ya yi amfani, amma inda aka koma sarrafa dutse a cikin gida, gubar ta dawo. A nan ma haka ne. A fitar da kaya, a jiƙa daɓen, a fasa, a kwashe cikon har sai na'ura ta koma asali, a auna sabuwar ƙasar kafin a zuba. Shafen bango a kankare shi a jiƙe. In bulon kansa ne mai zafi, awo ne zai nuna ko a mayar da ɗakin na ajiya ko a rushe, kuma wanda aka rushe wa ɗaki a gina masa wani. In ba haka ba maƙwabta za su hana a shiga nasu da na'ura. Sannan wanki da tankaɗen ma'adini su bar cikin gida gaba ɗaya.

Sayarwa

Wannan ce hanyar da ta fi daɗin ji, domin monazayit na da kasuwa saboda ma'adinan da ake maganaɗisu da su, kuma dillalai na yawo. Tana da fuska mai kyau: in an rarrabe yashi da injin maganaɗisu aka cire monazayit, ragowar takan rage zafi. Amma tiririn bai ɓace ba, an tattara shi ne a buhu. Monazayit tsantsa na ɗauke da toriyom kashi da yawa cikin 100, jibgin buhunansa na iya nuna gomomin maikrosibat a awa. Zauren da aka tara su yaro na kwana a kai ya fi tsibin asali haɗari. Mai saye kuma mai kyau yake ɗauka, ya bar wa gari filin da aka tone aka barbaza.

Muna ganin a yarda da sayarwa da sharaɗi kawai: mai saye ya nuna lasisin ma'adinai na tarayya da izinin NNRA, rarrabewar a yi ta a jiƙe a wajen gari, rumbun buhuna ya zama mai iska marar mai kwana, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa shi zai tattara ragowar ya rufe, a ajiye kuɗin rufewar tun kafin tifar farko ta tashi. Abin da ba za a yarda da shi ba ko kusa shi ne dafa monazayit da asid a ƙauye. A yadda Allah ya halicce shi, ƙwayarsa ba ta narkewa a ruwa, shi ya sa ɗanyen yashi bai cika gurɓata rijiya ba. Da an dafa shi, toriyom da radiyom sun kuɓuta sun zama laka da ruwa mai bin ƙasa. Haka ta faru a Bukit Merah ta Maleshiya, inda wata masana'anta ta tace monazayit na ragowar kuza daga 1982, mutanen gari suka kai ƙara kotu kan cututtuka, aka rufe ta a 1994, gyaran wurin kuma ya ci kimanin dala miliyan 100.

A nan ya kamata a ja kunne kan wani abu dabam da kan ɓullo lokacin share tsohon wurin aiki. In an tono ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, ko akwati mai alamar fuka-fuki uku a kan rawaya, wannan ba sharar da muke magana ba ce. Yana iya zama tushen tiriri mai ƙarfi, irin na injin awon daɓen titi ko na asibiti. Kada a buɗe, kada a kai wa ƴan gwangwan, a ja da baya, a kewaye wurin, a kira hukuma. A Goyaniya ta Brazil a 1987 masu tsintar ƙarfe suka fasa irinsa mai siziyom-137, mutum 4 suka mutu, aka auna mutane kimanin 112,000.

Wanne ga wanne

In an ɗora taswirar awo a kan tabarma, yawancin garuruwa za su ga ba hanya ɗaya za su bi ba. Abin da ke cikin gidaje, makarantu, masallatai da bakin ruwa a kwashe, kuma shi ne farko ko da kuɗin bai kai ga sauran ba. Babban tsibin da ke kan tudu a tattara a rufe. Abin da aka kwaso daga gari, in tsibin yana wuri mai kyau, a zuba shi a tsakiyarsa kafin a yi murfi, an huta da gina rami na biyu. Ɗan abin da ya fi zafi, irin tsofaffin buhunan monazayit, shi ya cancanci ƙaramin ɗakin kankare ko durom-durom a ƙarƙashin kulawar hukuma. Kankare ga dubban tan na yashi ɓarnar kuɗi ce, siminti kuma yana tsagewa. Cikakkiyar kwashewa a bar ta ga tsibin da ke cikin hanyar ruwa, ko wanda gari ya riga ya cim masa.

Tambaya ɗaya tana iya juya wannan hukunci: wa zai riƙa dubawa? In ba a samu wanda zai ɗauki nauyin tsibi biyar a warwatse ba, gara a sha wahalar haɗa su wuri ɗaya kusa da hanya. Duk inda aka rufe, a kafa turakun kankare a kusurwoyi da rubutun boko da ajami, a sa filin a taswirar ofishin ƙasa a matsayin wanda ba a yankawa, a ajiye kwafin takarda wurin hakimi da dagaci da ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha. Shingen waya ba ya daɗewa, akan kwance shi. Shingen aduwa ko na ƙaya a nesa da gindin tsibi ya fi zama. A bar mutane su yanki ciyawar kai su kai wa dabbobi bayan an gwada ta, domin filin da ake mora ana lura da shi, amma ba noma, ba kiwo a kai, ba tona.

Lokacin aiki ma yana cikin zaɓin. Awo da taswira da neman izini a yi su da damina da kaka, a samu awon ruwan ƙasa na Satumba. Tono da jigila su fara bayan an kai amfanin gona gida, daɓen yumɓu ya zo inda tankar ruwa za ta wadata, a kammala murfi da magudanu kafin ruwan farko na Mayu. Kada a buɗe tsibin da ba a da kuɗin rufe shi a ranin nan. In kuɗin rabi ne, a yi rabin fili a gama shi. Ciyawa a dasa ta a Yuni ko Yuli. Dubawar farko a yi ta washegarin babban ruwan Agusta, mutum biyu da shebur da na'ura su zagaya gindi da gefuna, duk zaizayar da ta kai zurfin taƙi a cike ta da dutse da ƙasa a makon, a rubuta kwanan wata da abin da na'ura ta nuna a littafin da ke hannun dagaci.